Yadda Sahun Masallacin Kakana Ya Karkata

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun saba'in, ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata ta kwana, mahaifina ya je aikin hajji ya dawo da abin da ya kusa rushe masallacin kakana. Ba wani babban abu ba ne, kamfas ne ɗan mitsitsi, bai fi murfin gwangwanin madara ba. Kwanaki wata a cikinku ta tambaye ni yadda aka yi na ƙare a malamar lissafi, na ce mata labarin da tsawo. To ga shi yau, sai ku gyara zama.

Mu a Unguwar Rimi muke zaune, a gidan gwamnati. Baba ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai son komai a kan layi. Ko takalmanmu ya gani a bakin ƙofa ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma, sai an fito an jera su kafin ya shiga gida. Kakana kuwa, mahaifin Baba, wanda kowa ke kira Malam, yana Unguwar Sarki da makarantarsa ta allo da ɗan masallacinsa a ƙofar gida. Da hannunsa ya gina masallacin tun yana matashi, ginin ƙasa mai kaurin bango. Daga baya aka rufa masa kwano, aka yi masa daɓen siminti, birkilan ya tsaga simintin gida-gida kamar na dara, wai don kada ya fashe. Sunan kakata marigayiya aka sa mini, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Malam kuwa Amarya yake ce mini, kullum yana ƙorafin wai ya auri wadda ba ta iya dama fura ba, sakinta zai yi.

Dawowar Baba ta zo daidai da hutunmu. Aka raba tsaraba, dabino da zamzam da zobba da carbi, aka kai wa Malam dadduma mai laushi da hoton Ka'aba a jiki. Ni kuma aka bar ni a can gidan in yi hutu wajen Goggo, ƙanwar Baba da ke kula da Malam. Da ma tun ina ƙarama sharar masallacin da hantsi aikina ne duk lokacin da nake gidan.

Ranar da aka kai tsarabar, bayan la'asar, Baba ya zaro kamfas ɗin daga aljihu ya ajiye a gaban Malam. Ina bakin zaure ina leƙe. Allurar ta yi 'yar rawa ta tsaya, sai ga alamar alƙibla ta nuna hagu da inda liman ke tsayawa, ba kaɗan ba kuwa.

Baba ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe shekara da shekaru gefe muke kallo."

Malam ya dubi abin, ya dubi ɗansa, ya ce, "Gabas muke kallo. Wanda yake nesa da Ɗakin, in ya fuskanci wajen da yake ya wadatar. Ba ni na faɗa ba, yana cikin littattafai."

"Haka ne, Malam. Amma da ba mu sani ba ne. Yanzu kuwa mun sani."

Baba bai taɓa ɗaga wa Malam murya ba a rayuwarsa. Taurin kansa a durƙushe yake yin sa, kai a sunkuye, yana ta "haka ne, haka ne," amma ko gezau. Shi ma Malam ɗin ai a wajensa aka gado. Kafin mako ya zagayo unguwa ta rabu biyu. Ma'aikatan ofis masu agogo a hannu suna bayan Baba, dattawa suna bayan Malam. Ana idar da sallah sai a tsaya a bakin ƙofa ana nuna sama da yatsa.

Don a zauna lafiya Malam ya ce to a gwada karkata sahun a gani, ba sai an taɓa gini ba. Nan aka yi abin dariya. Kowa yana so a aza kamfas a inda yake tsayawa, ita kuwa allura kusa da tagar ƙarfe ta ce nan, kusa da mai mabuɗan mota a aljihu ta ce can. Baba da ya gane ƙarfe ne ke ruɗa ta, sai ya fita fili nesa da kwano ya auna, ya kafa turke, ya ja igiya ta ƙofar baya har gaban masallaci, ya danne ta da ƙusa a tsakiyar daɓe. Wannan igiyar alƙibla ke nan, kuma daidai take. Sai ya ja ta biyu a gicciye, ta sahu. A tunaninsa, tunda alƙibla ta yi hagu, to sahu ma gefensa na hagu ne zai matsa gaba.

Aka tayar da magariba a kan wannan igiya. Ni ina cikin gida, amma Goggo ta samo labarin tun kafin a gama lazimi. Wanda ya daidaita ƙafafunsa da igiyar sahu sai ya ga ya kalli dama, nesa da alƙiblar fiye da da. Wanda ya bi igiyar alƙibla kuma sai kafaɗarsa ta shige bayan maƙwabcinsa. Aka yi ruku'u, wani ya tunkuyi wani. Da aka sallame wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Alhaji, da muna kallon gabas, yau ga shi ka kai mu Kamaru." Masallaci ya ɗauki dariya, har da masu goyon bayan Baba.

Baba bai yi dariya ba. Abin ya yi masa ciwo, kuma daga nan ya yanke cewa sahu ba ya miƙewa sai ya bi bango, don haka bangon ne za a gyara. A rushe a sake gini a kan alƙibla, na bulo, da kuɗinsa, sadaka. Shekarar an yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aljihunsa da nauyi. Ba a jima ba mota ta sauke bulo a ƙofar gida, aka ce birkila zai zo da yaransa ranar Asabar.

Malam bai hana ba. Cewa ya yi, "Niyyarka mai kyau ce, Allah ya ba da lada. Ni dai zan koma sallah a zaure, ku nemi mai ja muku." Daga ranar ya daina tsokanata. In na kai masa fura sai ya ce an gode, shi ke nan, ba zancen gudaji ba zancen saki. Wallahi na fi son ya ce ban iya ba. Da hantsi in na je shara sai in tarar da shi zaune shi kaɗai a ciki, ba karatu yake ba, ya jingina bayansa da bango kawai.

Yanzu bari in koma makaranta kaɗan. Malamar lissafinmu 'yar Indiya ce, siririya, mai jan biro da ba ya gajiya. A zangon da ya wuce ta koya mana gangaren layi a takarda mai gida-gida: layi in ya yi gaba gida kaza, gida nawa ya hau ko ya sauka. Sai ka rubuta hawan a sama, tafiyar a ƙasa, wannan shi ne gangarensa. Ta ce in layi biyu suka gicciye juna cif, kamar kusurwar littafi, to gangaren na biyu shi ne na farkon a kife, kuma alamarsa ta canja, mai hawa ya koma mai sauka. In ka ninka su biyun sai ka sami ɗaya mai alamar ragi. Mu kuwa ba mu tsaya neman dalili ba. Muka mayar da abin waƙar tafi a ɗakin kwana, "kife shi, canja alama, kife shi, canja alama," har da rausaya. Ni a lissafi lokacin ba ni gaba ba ni baya. Abin da ya kai ni aji dai shi ne kada a ce ban zo ba.

Ranar Laraba ina shara, Malam ya shiga gida, sai tsintsiyata ta sarƙe da igiyar alƙibla. Na sunkuya zan cire ta, idona ya sauka a kan ƙusar, na ga a daidai mahaɗar tsagin siminti take. Na bi igiyar da ido, sai na ga can gaba ta sake bi ta kan wata mahaɗar. Na miƙe tsaye na dubi daɓen gaba ɗaya. Jama'a, takardar malamarmu ce shimfiɗe a ƙasa, an dai ƙara mata girma ne kawai.

Na yar da tsintsiya na hau ƙirga da ƙafa. Igiyar alƙibla: gida bakwai gaba, gida uku hagu. Na maimaita, haka ne. Uku bisa bakwai ke nan. Na koma kan igiyar sahu: bakwai hagu, uku gaba. Bakwai bisa uku. Sai da na toshe bakina da mayafi don kada dariya ta kuɓuce mini a masallaci. Baba ya kife, bai canja alama ba! Kuskuren da jan biro ya sha zagaye mini a littafi, shi ne mahaifina ya buga wa ƙusa a gaban jama'a.

Na ruga cikin gida na sami Malam a kan buzunsa. Ko sallamar kirki ban yi ba na fara zuba, rabi Hausa rabi Turanci, ina gangare ina alamar ragi ina ninkawa.

Ya bar ni sai da numfashina ya ƙare, sannan ya ce, "Amarya, yi mini Hausa."

Na ce, "Malam, ba sai an rushe ba. Igiyar sahun ce ba daidai ba. Gefen dama ne ya kamata ya matsa gaba, ba na hagu ba. Bakwai dama, uku gaba."

"Wa ya ce?"

"Malamarmu."

"Ita wa ya gaya mata?"

"Ai ƙa'ida ce, Malam. Kife shi, canja alama."

"Don me?"

Na yi tsuru-tsuru ina wasa da bakin mayafi. Ya ce, "Kin ga, ubanki ya zo da allurar da bai san abin da ke juya ta ba, ke kin zo da waƙar da ba ki san dalilinta ba. Ni ba zan tsayar da bayin Allah sallah a kan waƙa ba. Je ki nemo dalilin. In kin samo, ki kawo shi yadda tsoho zai gane."

Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata mutum ana neman a ceto masa masallaci yana jarrabawa. Amma da na waiga na ga yana ɗan murmushi, wanda rabona da gani tun ranar da aka sauke bulo.

Yinin ranar da washegari ban yi wa Goggo wani amfani ba. Na ƙona mata miya, na zuba wa kaji garin tuwo a madadin dusa. Na zana gidaje da gawayi a tsakar gida ina ta tsallake-tsallake ina magana ni kaɗai, har ta ce in dai boko ne ke sa mutum haka, gara da ba a sa ta ba. Na yi lissafin a takarda ya fi a ƙirga, kullum amsa ɗaya, amma dalilin ya ƙi fitowa. Bulo kuwa yana nan jibge a ƙofar gida, duk fitar da zan yi sai mun haɗa ido.

Ranar Alhamis da yamma ina tsaye a kan zanena, na yi bakwai gaba uku hagu na dawo, sai Goggo ta ƙwala mini kira daga madafa, wadda ke hannun damana. Na juya gaba ɗaya na fuskance ta. Ina buɗe baki zan amsa sai na tsaya cak. Gabana yanzu shi ne damana na ɗazu. Haguna kuma shi ne gabana na ɗazu. In na sake yin tafiyar nan tawa, bakwai gaba uku hagu, daga yadda nake tsaye yanzu, to a idon wanda bai juya ba na yi bakwai dama, uku gaba. Tafiyar ɗaya ce, ni ce na juya. Tunda kuwa juyin da na yi na kusurwa ne cif, dole tafiyar farko da ta biyu su gicciye juna cif. Kifewar da canjin alamar duk ga su nan a jikin juyi ɗaya.

Na daka tsalle na yi ihu, kaji suka watse. Goggo ta fito da muciya a hannu tana salati, ta ɗauka kunama ce.

Washegari da hantsi na kai Malam masallaci. Na tsayar da shi a kan ƙusar, yana kallon bangon gabas, na ce ya yi bakwai gaba uku hagu. Ya tattare rigarsa ya yi, ya sauka a kan igiyar alƙibla. Na mayar da shi kan ƙusar, na ce ya juya ya kalli bangon dama, ya sake yin tafiyar yadda ya yi ta. Ya yi, yana ƙirgawa a fili. Da ya tsaya ya waiwayo ya dubi ƙusar, ya dubi inda yake, ya dubi igiyar. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe ba tafiyar aka canja ba, fuskar aka canja." Ya ƙara da cewa, "To na fasa sakin. Fura dai har yanzu da saura."

Na ce, "Bari Baba ya zo in nuna masa inda ya yi kuskure."

Malam ya zaro ido. "Ke! A gaban mutanen da suka yi masa dariya? 'Yar cikinsa? In kika yi haka, ko ya ga gaskiya ƙarara sai ya rushe ginin nan, don kunya ta fi guduma ƙarfi. Ke dai ki tsaya a bakin ƙofa ki riƙe mini alli. Kada in ji bakinki."

Al'adar Baba ce in an sauko daga Juma'a ya biyo ya gaishe da Malam. Ranar ya iso a 'yar motarsa mai kama da kunkuru, ya tsaya ya ƙirga bulo da ido, sannan ya shigo ya durƙusa. Ba kowa a masallacin sai su biyu, sai ni a bakin ƙofa da alli.

Malam ya ce, "Alhaji, kafin gobe akwai abin da nake so ka duba mini. Idona ya yi rauni, ba na ganin tsagin nan sosai. Igiyar nan taka ta alƙibla, gida nawa take ci?"

Baba ya cire hula ya ajiye, ya sunkuya ya ƙirga a tsanake yadda ya saba. "Bakwai gaba, uku hagu, Malam."

"Madalla, aikinka ba ya kuskure. To in mutum yana nan ya juya ya kalli bangon can na dama, ya yi irin wannan tafiyar, ina zai sauka? Ni ƙafata ba ta da ƙwari, taka mini."

Baba ya dubi Malam kamar zai tambayi dalili, sai ya fasa. Ya juya, ya taka bakwai, ya yi uku hagu. Malam ya ce in miƙo alli a yi alama. Ya ce ya ƙara yi daga nan. Ya ƙara, aka yi alama ta biyu. Baba ya tsaya yana kallon ƙusar da alamomin biyu, sun jeru ɗoɗar. Ya dubi tsohuwar igiyarsa ta sahu da ta nufi wani wajen daban. Ina ganin lokacin da abin ya faɗo masa, don kunnuwansa sai da suka motsa.

Ya tsuguna ya zare ƙusar igiyar sahu da hannunsa, ya ja ta ta kan alamomin. Ya ɗauko daddumar da ya kawo wa Malam daga Makka, ya shimfiɗa tsawonta a jikin igiyar alƙibla. Gindinta ya kwanta a kan sabuwar igiyar, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Ya ɗauke ta ya kai can ƙarshen sahu ya daidaita gindinta da igiyar, ya hau ya tsaya, ya ga inda ya fuskanta. Sai kawai ya zauna a kan daddumar ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har yana share hawaye.

"Kamaru!" ya ce. "Wallahi mai goro ya yi gaskiya, Kamaru na kai su."

Malam ma ya sa dariya, ni ma daga bakin ƙofa na kasa riƙewa. Baba ya juyo ya dube ni, ya dubi allin da ke hannuna, ya dubi ƙafafuna da suka yi baƙi ƙirin da gawayi.

"Malam, wannan tafiyar a wane littafi ka samo ta?"

Malam ya ce, "Sirrin miji da mata ne, ba a gaya wa yara."

Baba ya ce, "Uwata, zo nan." Na zo na durƙusa. Ya ce, "A makaranta me ake kiran abin nan?" Na faɗa masa a hankali, har da zancen ninkawa. Ya zaro biro daga aljihu ya rubuta a tafin hannunsa, uku bisa bakwai, bakwai bisa uku da alamar ragi, ya ninka, ya ga ɗaya mai ragi ya fito. Ya gyaɗa kai ya ce, "An koya mana wannan, na tuna. Ni na ɗauka na jarrabawa ne kawai." Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka. Ba mai yawan faɗin haka ba ne, shi ya sa har yau nake jin nauyin hannun.

Ranar Asabar birkila ya iso da yaransa da gudumomi, aka miƙa masa gwangwanin koren fenti da buroshi. Ya tsaya yana kallon kowa, ya ce shi fa rushewa aka ce masa. Baba da kansa ya tattare hannun riga yana ƙirga gidaje, ana jan igiya ana bin ta da fenti, sahu bayan sahu, kowanne bakwai dama uku gaba. Ma'aikatan ofis suka taru suna yaba basirar Alhaji, dattawa suna yaba haƙurin Malam, kowane ɓangare ya tafi gida da tabbacin shi ya yi nasara. Bulon kuma aka gina wurin alwala da shi, har ya yi saura.

Da fenti ya bushe aka yi magariba a kan sabon sahu, Malam a gaba, daddumarsa a ɗan karkace. Ina tsakar gida ina jin muryarsa ta bayan bango, tana fita tar kamar ta saurayi. Ba wanda ya tunkuyi wani.

Da jama'a suka watse aka aike ni in kai wa Malam da Baba ruwa. Na tarar da su biyu a zaune, Malam ya dafa bangon gabas da tafin hannu. Ya ce da Baba, "Ka san wa ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar bangon nan? Mahaifiyarka ce. Tulu bayan tulu daga rijiya, tana ɗauke da cikinka. Na hana ta, ta ce tana so abin da za ta haifa ya sami rabo a ladan."

Baba ya ce, "Malam, me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Na ji kunyar Allah ne. Kai kana maganar alƙibla, ni in ce a bar mini bango saboda ina tuna matata?"

Baba ya sunkuyar da kai. Sai ya matsa ya aza nasa tafin hannun a jikin bangon, kusa da na Malam. Na ajiye ruwan na fita a hankali, na je bayan ɗakin Goggo na yi kukana mai daɗi.

Da muka koma makaranta na zama abin tsoro a ajin lissafi. Komai malama ta rubuta sai na ɗaga hannu na ce don me. Da farko ta ɗauka rashin kunya ne, daga baya ta fara ajiye mini littattafanta. Shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa fara wannan darasi a kan allo ba. Fitar da yara nake yi fili, in zana gidaje a ƙasa, in sa su taka, in sa su juya, sai sun gano da ƙafarsu sannan mu koma aji mu rubuta. Har ɗaliban manyan aji, masu neman layin da ya gicciye lanƙwasa a wani ɗigo, sai sun yi mini wannan tafiyar, suna gunaguni wai sun girma.

Abu na biyu da na koya ya fi lissafin wuya, kuma har yau ban gama iya shi ba. Sanin gaskiya daban, sanin yadda za ka miƙa ta ga wanda kake ƙauna ba tare da ka karya shi ba daban. Ni na samo amsa, amma da an bar ni da bakina, da masallacin ya sha guduma.

Bara na bi ta Unguwar Sarki. Gidajen sun canja, titin ya cika da keke napep, da ƙyar na gane lungun. Masallacin yana nan. An yi masa filasta da fanka da lasifika, an shimfiɗa kafet, amma kaurin bangon bai ɓoyu ba, kuma layukan kafet ɗin a karkace suke, gefen dama a gaba. Wani matashi da ke alwala ya ga ina leƙe, ya gaishe ni, ya ce, "Hajiya, sahun kike kallo? Ai wani injiniya Balarabe aka ɗauko takanas daga Makka ya auna shi, tun zamanin kakanninmu."

Na ce, "Lallai Balaraben nan ya iya lissafi."

Na zagaya ta baya inda ba kowa, na dafa bangon, na yi wa mutum uku addu'a: wadda ta ɗebo ruwan, da wanda ya ɗora ƙasar, da wanda ya fasa rushewa.